A Kafa Gudun Zango-Zango a Damagaram, Amma Bisa Tsarin Madugai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya fara shiga zukatan samarinmu a nan Damagaram, wato gudun dogon zango na kwanaki da yawa a jere, irin wanda mutum yake tashi daga wani gari ya nufi wani da ƙafa, yana gudu kullum, yana kwana a hanya, har ya ratsa jaha ko ƙasa baki ɗaya. Na daɗe ina koyar da motsa jiki a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, shi ya sa yaran da suka ga hotunan masu irin wannan gudu a wayoyinsu sukan zo su tambaye ni ko su ma za su iya. Amsar da nake ba su ita ce za su iya ƙwarai, kuma ina so su yi, amma ba yadda suke shirin yi ba. Shirin nasu bai wuce a ɗaura takalmi a kama hanyar Yamai da tuta a hannu ba, kuma wannan shirin yana iya kashe mutum.

Wanda suka fi ambata shi ne Russ Cook, ɗan Ingila, wanda ya tashi daga can ƙarshen Afirka ta Kudu a watan Afrilu na 2023, ya isa gaɓar teku a arewacin Tunisiya a watan Afrilu na 2024, bayan kwana 352 da kilomita fiye da 16,000, ya ratsa ƙasashe 16. Bai biyo ta Nijar ba, ya bi ta Najeriya da ƙasashen gaɓar teku, sannan ya haura ta Senegal da Muritaniya da Aljeriya. Amma akwai waɗanda suka riga shi, kuma su ƙasarmu suka taka. A watan Nuwamba na 2006 mutum uku, Ray Zahab na Kanada da Charlie Engle na Amurka da Kevin Lin na Taiwan, suka tashi daga Sanluwi a Senegal, suka bi ta Muritaniya da Mali da Nijar da Libiya, suka isa Bahar Maliya a Masar cikin watan Fabrairu na 2007. Kwana 111 suka yi, kilomita kusan 7,000, wato fiye da kilomita 60 kowace rana. Sun shiga Agadas, sun ratsa hamadar Tenere.

Abin da hoton waya ba ya nuna wa yaranmu shi ne jama'ar da take bayan kowane mai gudu. Waɗannan mutum uku suna tafe da motoci ɗauke da ruwa da abinci, da likita, da mai gyara musu jiki da dare, kuma wanda ya nuna musu hanya cikin rairayi Ba'abzine ne ɗan ƙasarmu. Shi ma Cook yana da motar da take biye da shi, amma duk da haka 'yan fashi sun tare su da bindiga a Angola, ya yi fama da ciwon baya, ya yi fitsarin jini, kuma saura kaɗan tafiyar ta watse saboda takardar izinin shiga Aljeriya. Mai gudu ɗaya ake gani a hoto, amma ayari ne guda yake tafiya.

Wannan kuwa ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, kuma a nan ne nake jin takaici idan na ji ana cewa abin na Turawa ne. Unguwar Zango ta wannan gari ta kafu ne a wajen ganuwar Birni domin saukar ayarin Abzinawa da fatake. Har yau ayarin gishiri yana tashi daga Abzin bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 600 a zuwa kaɗai, maza suna bin raƙuma da ƙafa tun sassafe har dare ya yi nisa, suna shan gumbar gero da aka kirɓa da cuku da dabino ba tare da an tsayar da ayari ba, sannan bayan sun koma su gangaro Damargu da Damagaram su sayar da kantu su sayi gero. Fataken goro sun yi ta tafiya daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja da jakuna, wata da watanni. Kakanninmu da yawa da ƙafa suka tafi Makka ta Cadi da Sudan, wasu sai bayan shekaru suka dawo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye da aka yi da ƙarfin ƙirji kaɗai. Madugu ya san nisan kowace rijiya da wadda take biye da ita, ya san watan da ake tashi da watan da ba a tashi, ya san yawan guzurin da zai kai ayari, kuma idan ya ce a nan za a sauka, to ko wane ne yake jin sauran ƙarfi a jikinsa sai ya sauka. Jagaba yana gaba yana neman masauki tun kafin ayari ya iso. Wannan tsarin shi ne ainihin abin da gudun kwanaki yake bukata, kuma shi ne samarinmu suka bari a gida suka je suna kallon hotunan wasu.

Na san tafiya daban, gudu daban. Amma wanda yake shakkar cewa ɗan hamada zai iya zama gwanin gudu, ya dubi Maroko. Tun 1986 ake yin tseren rairayi a kudancin ƙasar, wanda wani Bafaranshe mai suna Patrick Bauer ya kafa, kilomita kimanin 250 cikin zango shida, kowa yana goye da abincinsa na mako guda, ruwa kuma aunawa ake yi a ba shi. Masu kuɗi daga Turai da Amurka suna zuwa da kayan zamani iri-iri, amma Lahcen Ahansal, wanda ya fito daga gidan makiyaya a yankin Zagora, sau goma yana cinye tseren, ƙaninsa Muhammad ma ya ci sau da dama, kuma bayansu wani ɗan yankin ne, Rachid El Morabity, ya gaje su. Ba zan yaudari yaranmu in ce za su kamo 'yan Kenya da Habasha a gudun fanfalaki ba da sauƙi, domin waɗancan a kan tsaunuka masu tsawon mita fiye da 2,000 suke tashi, mu kuwa garinmu bai kai mita 500 ba. Sai dai jure zafi da ƙura da doguwar hanya kwana bayan kwana, wannan fagenmu ne, kuma yaron da ya tashi yana bin awaki a Tanut ko Gure ba shi da abin da zai ji wa kunya a gaban ɗan Zagora. Lambobin Olamfik biyu ƙasarmu take da su, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a takwando a 2016. A guje-guje ba mu da ko ɗaya, kuma ban yarda cewa rashin ƙafafu ne ya jawo haka ba.

Wasu dattawa suna cewa wahalar banza ce, a ƙasar da magidanci yake neman abin sawa a baka. Ina girmama wannan magana, kuma da gudun neman suna ne kawai, da na goyi bayansu. Amma irin wannan tafiya tana jawo idon jama'a yadda taro a ɗaki ba zai iya ba. A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda aka yanke masa ƙafa saboda ciwon daji, ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba, kilomita 5,373, har cutar ta kama huhunsa ta tsayar da shi. Ya rasu a 1981, amma har yau ana yin gudu da sunansa kowace shekara ana tara kuɗin binciken wannan cuta. Cook ya tara fam fiye da miliyan ɗaya domin taimako. Mu da muka san yadda mata da yara suke kwana a bakin famfo da jarkoki idan bazara ta kama, ba mu rasa abin da za mu yi wa gudu ba. Ga kuma samarin da suke cika fada-fada, wasu suna ɗaga ƙarfe a lungu safe da yamma, ƙarfi ya cika musu jiki babu inda za su kai shi. Kokawa ta ɗauki masu ƙirji tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, amma siraran yara masu dogon numfashi babu fagen da aka buɗe musu.

Kuskuren farko da sabon shiga yake yi shi ne auna kansa da rana ɗaya. Saurayi mai lafiya zai iya yin kilomita 40 yau, ya kwanta yana alfahari. Tambayar ita ce ko zai iya tashi gobe da asuba ya maimaita, da jibi, da gata, alhali cinyoyinsa sun sandare, ƙafafunsa sun kumbura, barcin da ya samu kuma bai ishe shi ba. A gudun kwanaki ana gudun yau ne da tunanin gobe, saboda haka saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ba, yana haɗawa da tafiya duk inda hanya ta yi tudu ko rana ta yi zafi. A 1983 wani manomi ɗan Ostireliya mai shekara 61, Cliff Young, ya shiga tseren kilomita 875 daga Sidni zuwa Melbon, yana sassarfa a hankali har ana yi masa dariya, amma shi ya riga kowa isa cikin ƙasa da kwana shida, domin ya rage barci ya ci gaba da jan ƙafa lokacin da sauran suke kwance. Ba na ba yaranmu shawarar hana ido barci, amma ina so su ga cewa sannu ba ta hana zuwa. Shirin kansa ma haka yake. Huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sai an yi watanni, shi ya sa wanda ya ƙara nisa da gaggawa yakan samu tsagewar ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa. Mai son ya yi mako guda a hanya yana bukatar aƙalla wata shida yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, yana gwada dogon gudu kwana biyu a jere domin jikinsa ya koyi tashi da gajiyar jiya.

Sai abinci. Ƙiyasin da masana suke amfani da shi shi ne kowace kilomita tana cin kimanin kalori ɗaya (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) a kan kowane kilo na nauyin mutum. Mai nauyin kilo 60 da ya yi kilomita 40 ya ƙone kusan kalori 2,400 ban da abin da jikinsa yake ci ko yana zaune, wato yana bukatar kusan ninki biyu na abincin da ya saba. Idan bai samu ba, jiki zai koma cin tsokarsa, kuma a kwana na huɗu ko na biyar zai ji ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Abin farin ciki shi ne ba ma bukatar kayan kanti masu tsada. Fura da nono, da dabino, da ƙuli-ƙuli, da gyaɗa, da kunu tun kafin a tashi, da shinkafa da wake ko tuwo da dare, da ɗan kilishi saboda gishiri da gina jiki, sun wadatar. Sharaɗin shi ne a ci kaɗan-kaɗan a kan hanya kada a jira yunwa, a ci da zarar an sauka, kuma a kula da tsabtar nono da ruwan da aka dama fura da shi, domin gudawa ta kwana ɗaya ta isa ta rushe tafiyar da aka yi wata shida ana shiryawa.

Ruwa ne ya fi ba ni tsoro, kuma a nan nake roƙon masu karatu su natsu. Mai gudu cikin zafi yana zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa guda, kuma gumin nan da gishiri yake fita. Idan bai sha ba, jini ya yi kauri, zafin jiki ya hau, idan ya wuce digiri 40 ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa: mutum yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, yana faɗa da masu taimakonsa. Wanda aka ga haka a tare da shi, ba a jiran mota. A kai shi inuwa nan take, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, sannan a nufi asibiti, domin mintocin farko ne suke raba rayuwa da mutuwa. Amma akwai haɗari na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya yi ta ɗurar ruwa zalla fiye da abin da ya zubar, ba tare da gishiri ba, gishirin jininsa yakan tsinke, kansa ya yi ciwo, ya yi amai, yatsunsa su kumbura, har ya kai ga suma, masu rakiya kuma su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara masa ruwa. Maganin duka biyun shi ne a sha gwargwadon ƙishirwa, a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu zawo, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya, a auna nauyin kowane mai gudu safe da yamma, kuma a tanadi ruwa a kan hanya kowace kilomita biyar ko ƙasa da haka. Ba a kama hanya da fatan za a tarar da rijiya.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye ba ko da za ta ɓata wa wasu rai. Tiramol ya yi wa samarinmu illa, kuma na tabbata idan aka fara irin wannan gudu ba tare da sa ido ba, wasu za su sha domin kada su ji ciwo. Ciwo kuwa shi ne mai gaya wa mutum cewa ƙashi ya fara tsagewa, kuma wannan ƙwaya tana iya jawo farfaɗiya. Haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a hannun masu talla ba tare da takardar likita ba. Idan tsoka ta wahala ƙwarai takan farfashe ta zuba wani sinadari cikin jini wanda ƙoda ce take tace shi, alamarsa kuma fitsari ya koma launin baƙin shayi. Mutumin da yake cikin wannan hali, ga ƙarancin ruwa, idan ya ƙara da waɗannan magunguna, ƙodarsa tana iya tsayawa, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san abin da wannan yake nufi ga gida. Sannan dole a yi gwajin jini kafin a tashi. Masu ɗauke da rabin ƙwayar sikila, waɗanda ake kira AS, suna da yawa a cikinmu, yawancinsu lafiya lau suke kuma ba su ma sani ba, amma matsanancin aiki cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi musu haɗari. Ba a hana su gudu, sai dai su sani, likitan tafiyar ma ya sani. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama kuwa, tafiyarsa ta ƙare a ranar, ba tare da gardama ba.

Ƙafa ita ce jarin mai gudu, kuma ƙaramin abu ne yake kayar da ita. Tsakuwa ɗaya ko ƙayar ƙarangiya a cikin safa ta isa ta tayar da bororo, bororo ya sa mutum ya canza taku, canjin taku ya jawo ciwon gwiwa. Takalmin gwanjo na kasuwar Dole yana yi, muddin ƙasansa bai cinye ba, amma a sayi wanda ya ɗara ƙafa kaɗan saboda kumburi, a saba da shi makonni kafin ranar tashi, a riƙe na canji, a shafa man kaɗanya ko basilin a duk inda fata take gogar fata, a wanke ƙafa a busar da ita a ɗaga ta sama duk lokacin da aka sauka.

Game da lokaci, babu wata tattaunawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a nan yana wuce digiri 40, kuma wanda ya shirya gudun kwanaki a wannan lokaci ya ɗauki alhakin rayuka. Damina tana da sauro, kuma hannuwa suna gona. Abin da ya rage shi ne Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba yake taimakon mai gudu, ko da yake ƙurar hunturu tana bukatar a rufe hanci, masu asma kuma su yi hattara. A tashi da zarar an sallame sallar asuba, a sauka kafin rana ta take, idan da sauran hanya a ƙarasa bayan la'asar. Sai dai masu shiri su lura cewa azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a 2030 cikin Janairu zai kama, saboda haka nan da 'yan shekaru sai an yi lissafi da kyau kafin a tsayar da rana. Ba na ganin dalilin da zai sa a haɗa irin wannan gudu da watan Ramadan.

Hanya ma tana da nata sharruɗa. Manyan motocin kaya da bas-bas na fasinja sun fi zafin rana saurin kisa, saboda haka mai gudu ya bi gefen hagu yana fuskantar abin da yake tahowa, ya sa riga mai haske, mota ko babur na rakiya yana gargaɗin direbobi, kuma kada a kuskura a hau kwalta bayan magariba. A sanar da hukuma da jami'an tsaro tun da wuri, a karɓi izini a rubuce. Duk da sha'awar da nake da ita ga Tenere, halin tsaron da ake ciki bai ba da damar tura yara can ko bakin tafkin Cadi ba, kuma ko da lafiya lau ake, hamada ba wurin koyo ba ce. A 1994 guguwar rairayi ta ɓatar da wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, a tseren Maroko, ya yi fiye da mako guda yana yawo shi kaɗai, sai a cikin ƙasar Aljeriya makiyaya suka tsince shi yana gab da halaka, alhali tseren yana da masu tsaro da alamomin hanya.

Sannan akwai batun shaida. A 2015 wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja, ya yi suna, nan da nan masu tattaki suka cika hanyoyin Najeriya, jama'a kuma suka fara tambayar wa ya taka da gaske, wa ya hau mota da dare. Ko a Amurka, inda Pete Kostelnick ya ratsa ƙasar daga San Faransisko zuwa New York cikin kwana 42 a 2016, ba a karɓar irin wannan da'awa sai da bayanan agogon da yake nuna inda mutum ya taka da kuma sa hannun shaidu. Mu ma mu fara da gaskiya tun ranar farko. Wayar hannu tana iya rubuta hanyar da aka bi, kuma a riƙe littafi wanda maigari ko hakimi ko shugaban makaranta zai sa wa hannu a kowane gari, da lokacin isowa da na tashi. Ƙarya ɗaya idan ta fito, babu ɗan kasuwar da zai sake sa kuɗinsa.

Shawarata ita ce kada a fara da Yamai, mai nisan kilomita kusan 900. A fara da Damagaram zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 235, kusan daidai da nisan tseren Maroko, a raba shi zango shida ko bakwai ta Takeita da Tasawa da Gazawa da Agye da Cadawa. Hanya ce mai kwalta, garuruwa suna kusa da juna, akwai asibitoci da ruwa, kuma ko'ina akwai makarantar da za a iya kwana a cikinta. A ɗauki mutum ashirin ko talatin kawai a shekarar farko, waɗanda suka kai shekara 18, likita ya duba su, kuma kowannensu ya nuna ya taɓa yin kilomita 30 kwana biyu a jere a gwajin da za a iya yi tsakanin Damagaram da Mirya, zuwa da dawowa. A naɗa madugu guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe, a ba likita ikon fitar da kowa ba tare da roƙo ba, a tura jagaba gaba ya shirya masauki da abinci. A tashi daga ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da addu'ar malamai, a daidaita ranakun yadda za a shiga Maraɗi ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya. Kuɗin da ake bukata ba su fi ƙarfin 'yan kasuwarmu ba: man motoci biyu ko uku, da buhunan gero da shinkafa, da takalma, da magunguna. Ɗaliban jami'ar André Salifou za su iya riƙe littafin awo da lokaci, gidajen rediyo su riƙa sanar da inda ayarin ya kwana, kuma abin da aka tara a bayyana shi a fili a haƙa rijiya da shi a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka ratsa. Shekara mai zuwa sai Maraɗawa su taho mana.

Kada a rufe wa mata ƙofa. A 2023 wata malamar jami'a mai suna Jenny Hoffman ta ratsa Amurka da gudu cikin kwana 47, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ana iya ware wa 'yan matan makarantu zango guda, da suturar da ta dace da malamai mata masu rakiya, da yardar iyayensu.

Ina roƙon wannan jarida ta aika wakilinta ya tattauna da hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa da ofishin matasa da wasanni na jaha a kan wannan shawara, ya kuma nemi tsofaffin madugai da suka rage a Zango da Tanut ya ɗauki bayaninsu a kan yadda ake raba zango da auna ruwa. Ni da wasu tsofaffin malaman motsa jiki a shirye muke mu horar da yaran kyauta, idan aka samu likita da izinin hukuma. Samarin da suke shirin kama hanya su kaɗai kuwa, ina roƙonsu da iyayensu su dakata har a kafa wannan tsari.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin motsa jiki,
Unguwar Birni, Damagaram.